Muhawara: me ke hana jini tsiyayewa daga dabbar da aka yanka?

Maman Nana: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga rundawa da likitocin dabbobi da ke cikinmu. Sana'ata dambun nama ce a nan unguwar Mabera ta Sakkwato, kusan kullum sai na sayi cinya. Wata rana naman yakan zo ja mai haske, a tsane, ka taɓa ba ya manne wa hannu. Wata rana kuma ya zo baƙi-baƙi, in ka yanka kusa da ƙashi sai ka tarar da gudajin jini kwance cikin jijiya. Ka ɗora a wuta, baƙar kumfa ta rufe tukunya, ga ƙarnin da ko citta da kanumfari ba sa kashe shi. Irin wannan in ya kai la'asar ba a dafa ba har ya soma sauya wari. Mai sayar mini ya ce irin saniyar ce. Ni dai zargina jinin ne bai fita ba. Me ke kawo haka? Ga layya ta matso, mazajenmu za su yi yanka a gida.

Dillalin Kara: Wa alaikumus salam Hajiya. Mai namanki bai yi ƙarya ba. Naman tsohuwar Rahaji da ta sha tafiya daji ba ɗaya ba ne da na ɗan bijimin Bokolo da anka turke gida. Tsohuwar bisa namanta duhu gare shi, haka Allah ya yi ta.

Tsohon Barunje: Alhaji, duhun tsufa daban, duhun jini daban, kuma kai ma ka sani. Tsohuwar saniya in anka yanka ta yadda ya kamata, namanta ja na mai nauyi amma a tsane. Abin da ɗiyata ta kwatanta, gudaji cikin jijiya, wannan aikin hannu na da gaggawa. Ni cikin fawa anka haife ni. Lokacin da muna yara, sa ba ya zuwa yau a yanka shi yau. Sai ya kwana, ya sha ruwa, hankalinsa ya kwanta. Yanzu hwa? A loda shanu Illela ran Lahadi da rana tsaka, a cusa su cikin mota kamar buhunna, ƙahon wannan cikin haƙarƙarin wancan, su iso da dare, kafin kiran assalatu an kayar da su. Wanda ya ƙi tashi a murɗe mai wutsiya, a zabga mai sanda. Bisar da ta zo haka jininta ba ya fita da ƙarfi, sai dai ya riƙa dalala. Duk barunjen gaskiya ya san wannan da idonsa.

Dakta, likitan dabbobi: Baba ya riga ni, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da muke karantarwa. Bari in ɗan shimfiɗa maganar don Hajiya ta ga cewa matsala biyu ce ke haɗuwa a naman da take saye.

Da farko dai, babu yankan da ke fitar da jini duka. Jinin dabba kusan kashi 7 cikin 100 ne na nauyinta, abin da ke fita a yanka mai kyau kuwa kamar rabinsa ne, wato kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyin. Sa mai kilo 300 zai ba da lita 9 zuwa 12, rago mai kilo 40 kuma wajen lita ɗaya da rabi. Ragowar mafi yawa tana cikin hanta, saifa, huhu da sauran kayan ciki. Abin da ke saura cikin tsoka kaɗan ne ƙwarai, mililita 2 zuwa 9 a kowane kilo. Saboda haka in Hajiya ta ga gudaji a jijiyar cinya, lalle an samu tangarɗa: ko wuƙa ba ta yanke abin da ya kamata ba, ko ba a jira ba, ko dabbar ta jigata, ko tana da zazzaɓi.

Matsala ta biyu ita ce duhun naman kansa. A cikin tsokar dabba akwai wani sukari da take ajiyewa don ƙarfi. Bayan yanka, wannan sukarin ne ke juyewa ya zama tsami, tsamin kuma shi ke sa nama ya yi haske ya kuma jima bai lalace ba. A ma'aunin tsami da muke amfani da shi, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, tsoka tana farawa daga wajen 7 ta sauka zuwa 5.5 cikin kwana ɗaya. Dabbar da ta sha tafiyar sama da kilomita 80 a tsaye cikin rana, ga duka ga ƙishirwa, ta ƙone sukarin tun tana da rai. Sai ma'aunin ya tsaya sama da 6, naman ya yi duhu, ya riƙa danƙo a hannu, ƙwayoyin cuta kuma su samu wurin zama. Ku haɗa wannan da jinin da ya kwanta, ku haɗa da zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a bazara, ba abin mamaki ba ne nama ya juya kafin la'asar.

Maganin wannan ɓangaren ba ya buƙatar na'ura. Dabbar da ta yi tafiya ta huta awa 12 zuwa 24 a inuwa, ruwa a gabanta koyaushe, a ɗauke abinci kamar awa 12 kafin yanka don tumbi ya ragu.

Dillalin Kara: Likita, faɗi da sauƙi. Kwanan sa guda kuɗi na: mai gadi, ruwa, wurin ɗauri. Barunjen da ya ɗauki sa bashi, mai shi na jiran kuɗinsa kafin azahar, ƙaƙa za ya yi?

Tsohon Barunje: Ya sayi na gobe yau. Rana ɗaya kawai za ya matsu, daga nan kullum yana da wanda ya kwana. Kuma asarar naman da ya yi duhu mata sunka ƙi saye, wa ke biyanta? Mu ke biya.

Mai Kilishi: Ni shaida ne a nan. Naman da bai tsane ba in ka shanya shi a kan gadon kara, sai ka ga ɗigon baƙi-baƙi, ƙuda kuma kamar an kira su. Bayan an tsoma a labu an gasa ma akwai wani ɗaci-ɗaci da yake bari. Na gwammace in ƙara kuɗi in samu na dabbar da ta huta.

Maman Nana: To na gane na hutu. Wajen yankan fa, me ake kuskurewa?

Dakta, likitan dabbobi: Wuƙa tukuna. Tsawon kaifinta ya kai ninki biyu na faɗin wuyan dabbar, don kada tsininta ya nutse cikin rauni ana ta goga. Gwajin kaifi kuwa, riƙe takarda ta kusurwa ɗaya tana lilo, in wuƙar ta tsaga ta ba tare da ta yage ba, ta yi. A bi bakinta da farce a ji ko akwai giɓi. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, a kowane gefen wuya jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai ta waje kusa da fata, mai dawo da jini daga kai, jininta duhu ne kuma kwarara yake yi. Akwai ta ciki, kwance a gefen maƙogwaro, mai kai jini zuwa kai, jininta ja ne kuma tsartuwa yake yi da bugun zuciya. Mutum zai iya yanke na wajen ya ga jini ya malala ya ɗauka ya gama, alhali na cikin ɗaya ba ta yanku ba. Irin wannan dabbar takan jima tana wahala, jinin ma ba zai fita da kyau ba. Dakusasshiyar wuƙa kuma murje bakin jijiya take yi, murjajjen baki kuwa shi ya fi saurin toshewa.

Malamin Zaure: Allah ya saka wa Likita. Abin da ya faɗa a kan wuƙa umarni ne tun kafin ya zama ilimin asibiti. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yi yanka ku kyautata yankan, ɗayanku ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Malamai sun karhanta a wasa wuƙa dabba tana kallo, ko a yanka wata a gaban 'yar'uwarta. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, yanka shi ne yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ƙasa da haka bai wadatar ba, kuma ta gaba ake yi, wanda ya yanka ta ƙeya ba a ci. Sannan a kula zakaran wuya ya tafi ɓangaren kai.

Tsohon Barunje: Allah ya gafarta Malam, to ga wata da ni ka so Likita ya warware muna. Sa, musamman babba, ka yanka shi lafiya lau, jini ya yi tsartuwa har bango, kafin ka ƙirga ashirin sai ya tsaya cak. Ka duba bakin jijiyar ka ga ta kumbura ta yi ƙululu kamar ƙwan zabuwa. San kuwa yana nan yana numfashi yana ƙoƙarin ɗaga kai. Rago ba ya yi muna haka. Mu abin da munka gada, a kwara ruwa ga wurin.

Dakta, likitan dabbobi: Baba, wannan abin da ka gani sananne ne, an yi bincike a kansa sosai. Jijiyar mai tsartuwa tana da laushi kamar roba, in an yanke ta sai ta ja da baya ta shige cikin rigar naman da ke kewaye da ita, jini ya taru a nan ya daskare ya toshe bakin. A shanu abin ya fi muni saboda suna da wasu jijiyoyin da ke bi ta cikin ƙashin wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, wuƙa ba ta isa gare su. In na gaban sun toshe, jinin sai ya koma ta can, san ya jima bai fita hayyacinsa ba. A tumaki waɗannan jijiyoyin ba sa ciyar da ƙwaƙwalwa haka, shi ya sa rago ke sumewa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Abu biyu ke rage shi. Na ɗaya, a yi yankan can sama kusa da muƙamuƙi, ba tsakiyar wuya ba, an ga toshewar ta fi ƙaranci a nan. Na biyu, a miƙar da wuya sosai, a bar raunin a buɗe kada gefensa ya haɗu, mai yanka kuma ya tsaya yana kallo. In ya ga ta toshe, ya cire gudan nan take, in bai fita ba ya datse kumburarren bakin da wuƙa.

Ruwa kuwa, Baba, ina roƙon a bar shi. Ba ya buɗe jijiya. Dattin fata yake wankewa ya tura cikin raunin, kuma dabbar tana sheƙar iska ta yankakken maƙogwaro, sai ta zuƙe ruwan da jinin zuwa huhu.

Malamin Zaure: Likita, tsaya kaɗan, akwai wurare biyu da nake so a yi hattara kada wani ya karanta rabi ya je ya ɓata layyarsa. Ka ce a yi sama kusa da muƙamuƙi. In mutum ya wuce gona da iri ya bar zakaran wuya a ɓangaren gangar jiki, bai yanke maƙogwaro ba ke nan, kuma mashhurin zance a wurinmu ba a ci. To a ce dab da ƙarƙashin zakaran wuya, kada a haura shi.

Na biyu, mayar da wuƙa. Risala ta ce in ya ɗaga hannunsa bayan ya yanke wani sashe, sa'an nan ya mayar ya ƙarasa, ba a ci. Masu sharhi sun yi rangwame ga wanda ya mayar nan take ba da jinkiri ba. Amma wannan duka a kan wanda bai kammala ba ne. Wanda ya riga ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin biyu a tafi ɗaya, yankansa ya cika, cire gudan jini bayan haka ba sabon yanka ba ne, sauƙaƙa wa dabba ne. Abin da nake tsoro shi ne mai rawar hannu ya yi rabin yanka, ya tafi neman wata wuƙa, ya dawo ya ce ai Likita ya ce a ƙara.

Dakta, likitan dabbobi: Haka ne Malam, kuma wurin da ka ce shi nake nufi: a lalubo zakaran wuya da yatsa, a sa wuƙa a ƙarƙashinsa kai tsaye. Wanda bai taɓa yanka sa ba kuma kada ya fara koyo ranar Sallah, ya kira barunje.

Tsohon Barunje: Na cire guda na yarda, muna yi da yatsa tun da. Na ruwa kuwa zan gwada bari in gani da idona. Amma ka sani ba don jijiya kaɗai muke kwarawa ba, jinin in ya daskare ga gashin wuya yana ɓata fiɗa.

Dakta, likitan dabbobi: In rai ya fita a wanke, Baba, babu laifi. Lokacin da take numfashi ne nake jin tsoro.

Ɗalibi daga Gidan Igwai: Ni kuma a gidanmu ana kwance wa rago ƙafa ɗaya, wai shure-shuren ne ke fitar da jinin. Wasu kuma na ga da an yanka sai su karya wuyan ko su soka wuƙa a lakar don ya daina motsi. Wanne ne daidai?

Malamin Zaure: Karya wuya da yanke laka kafin rai ya fita makaruhi ne, haka fara fiɗa ko yanke wata gaɓa. Naman ya halatta, amma an munana.

Dakta, likitan dabbobi: Shure-shuren da kake gani bayan dabba ta sume daga laka yake zuwa, ba alamar tana jin zafi ba ce. Yana ɗan matsa tsoka, amma babban aikin zuciya ke yinsa, domin takan ci gaba da bugawa na wasu mintoci bayan yanka. A rago mafi yawan jinin yana fita cikin minti na farko, a sa cikin minti biyu, saura kuma ya biyo a hankali. Ka kwance ƙafar in kana so, sai dai a sa ka kula kada ya harbi wani. Abin da nake gani yana ɓata yanka a gidaje shi ne ƙarti uku su hau kan rago su danne ƙirji, mai yanka kuma ya lanƙwashe kan ya rufe raunin wai kada jini ya ɓata masa rigar Sallah.

Sannan jira. A ba rago da akuya minti 5, a ba sa aƙalla minti 6, da agogo, ba da ƙiyasi ba. Kafin a sa wuƙar fiɗa a taɓa ƙwayar ido da yatsa, in bai ƙifta ba kuma numfashi ya tsaya, an gama. Daga nan a rataye ta ƙafafun baya kai a ƙasa, a bar sauran ya ɗiga. Fiɗa a rataye ta fi tsabta nesa ba kusa ba.

Tsohon Barunje: Rago mutum biyu sun rataye shi ga reshen dogonyaro. Sa kuwa wanda ba ya da abin ɗagawa, ya zaɓi wuri mai gangare tun kafin a kayar, kai ya kasance ga ɓangaren ƙasa, bisa haƙarƙarin hagu, fuska gabas. In motsi ya ƙare, yaro ya kama ƙafar gaba ta sama ya riƙa lanƙwasawa yana miƙewa, wani ya taka kwiɓi a hankali. Za ka ga baƙin jini ya ƙara fitowa, mai yawa kuwa. Yaran yanzu ba su da haƙurin wannan. Shanu goma na jere, kowa na son ya riga wani kai nama kasuwa, sa na harbi an fara tsaga mai ƙafa. Wallahi abin na ci mini rai. Kuma a bar sare agara don a kayar da sa. Igiya ta isa in an iya ɗaurin. Bisar da anka sare wa agara ta riga ta firgita, ta zubar da jini ta inda ba a so.

Majemi: Ku bar ni in sa baki, don mu ne ke karɓar abin da kuka bari. Fatar jar akuyarmu ta Sakkwato da ake ji da ita har ƙasashen waje, in jini bai tsiyaye ba, jijiyoyin ƙarƙashin fata sukan zauna cike. Ka jeme ta ka gama, ka ɗaga a rana, sai ka ga zanen jijiya ya fito rassa-rassa a fuskar fatar, rini kuma ba ya rufe shi. Tun kafin nan ma jinin shi ke fara ruɓa, gashi ya riƙa zubewa ko an sa gishiri. Irin wannan fata kuɗinta ya faɗi. In na juya fata na ga cikinta fari tas, na san mai yankan ya jira.

Maman Nana: Allah ya ƙara sani. Ni da in na ga naman ya yi duhu sai in jiƙa shi a ruwa ya ɗan jima, ruwan ya yi ja in zubar. Har wanda na sa a firiza in ya narke sai in ga jan ruwa. Shi ma jini ne? Ya halatta?

Dakta, likitan dabbobi: Hajiya, jan ruwan da ke fita daga naman firiza yawancinsa ba jini ba ne. Ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari mai suna mayogulobin, wanda shi ke ba nama launinsa tun asali. Ƙanƙara ce ke fasa tsokar ya fito. Jiƙa nama kuma ba ya gyara yankan da ya ɓaci: ɗanɗano yake wankewa, kuma jiƙaƙƙen nama ya fi saurin lalacewa a zafi. In kin ga gudaji, ki bi jijiyar da wuƙa ki cire, ki ɗauraye sama-sama dab da ɗorawa a wuta. Ga masu layya, a fitar da kayan ciki da wuri, cikin rabin awa in zai yiwu, a rataye naman a inuwa iska ta buge shi ya huce. Kada a ƙulle nama mai ɗumi a leda a jefa bayan mota.

Malamin Zaure: Ta fuskar hukunci, hankalinki ya kwanta Hajiya. Abin da aya ta 145 a Suratul An'am ta haramta shi ne jini mai kwarara, wanda ke zuba lokacin yanka. Wanda ya saura cikin jijiyoyi da tsoka bayan yanka ingantacce an yi rangwame a kansa. Hanta da saifa kuwa hadisi ya halatta su da sunansu. Wurin yankan dai a wanke shi, don wanda ya ɓata shi mai kwarara ne.

Mai Kilishi: Raƙumi fa? Muna amfani da namansa sosai, kuma na lura nasa yakan zo a tsane.

Malamin Zaure: Raƙumi soke shi ake yi a gindin wuya inda ya haɗu da ƙirji. Risala ta ce in an yanka shi yankan rago ba a ci. Saniya yanka ake yi, in an soke ta an ci.

Dakta, likitan dabbobi: Kuma wurin da ake sokewa kusa yake da zuciya, inda manyan jijiyoyin suke kafin su rarrabu, shi ya sa jinin ke fita da ƙarfi cikin ɗan lokaci duk da tsawon wuyan.

Maman Nana: Saura abu ɗaya da ke damuna. Ta yaya mai saye zai bambance naman da jininsa bai fita ba saboda gaggawa da wanda dabbar ta riga ta mutu aka sa mata wuƙa?

Tsohon Barunje: Ki ce a nuna miki wuya, ɗiyata. Bisa mai rai in an yanka ta, bakin yankan na buɗewa ya ja da baya, ya yi kaca-kaca, jini ya shiga cikin naman wurin, ko kin wanke ba ya fita. Mushe kuwa yankan na zama sumul kamar an yanka sabulu, kin zuba ruwa ya yi fari. Ki duba haƙarƙari ta ciki, in jijiyoyin tsakanin ƙasusuwa sun fito baƙi ɗaya bayan ɗaya, akwai magana. Kitse ya yi ja-ja, huhu da hanta sun cika da jini, gefen da ta kwanta a kai ya fi ɗayan duhu. Barunjen da ya ɓoye miki wuya da huhu, ki bar mai namansa. Kuma ki sayi wanda likita ya duba a mayanka.

Dakta, likitan dabbobi: Zan ƙara ɗaya mai haɗari. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mai kauri yana fita ta hanci ko baki ko dubura kuma ba ya daskarewa, cikinta ya kumbura da wuri, kada a yanka, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa. Alamun ciwon saifa ke nan, wanda ake kira antiraks, yana kama mutum ta fata, ta numfashi da ta cin naman. In an buɗe gawar ƙwayar cutar takan yi shekaru da yawa a cikin ƙasa. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ita a wata gona a Suleja ta jihar Neja, ba labarin nesa ba ne. A kira ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Haka dabbar da ke cikin zazzaɓi aka yi mata wuƙa don kada ta mutu a yi asara, jininta ba zai fita da kyau ba, kuma sau da yawa an ɗirka mata allurai da ba su gama barin jikinta ba.

Mai Kaji a Arkilla: Ni tambayata a kan jinin da ya fita ce. Ranar Sallah lambatun unguwa ja yake zama, kwana biyu ba a shaƙar iska. Na ji ana dafa shi a shanya a sa a abincin kaji. Haka ne?

Dakta, likitan dabbobi: Ana yi. A tara a mazubi mai tsabta, a tafasa har ya dunƙule, a matse, a shanya ya bushe ƙayau, a niƙa. Garin yana da sinadarin gina jiki wajen kashi 80 cikin 100, amma kaɗan ake sawa, kada ya wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na haɗin, don kaji ba sa son ɗanɗanonsa. Yana kuma yin taki. Hukuncin ciyar da shi na bar wa Malam. Wanda ba zai yi wannan ba, ya haƙa rami tun daren jajibere, zurfin kamu ɗaya ya ishi rago, nesa da rijiya, a sa wuyan a bakinsa. In an gama a zuba toka a rufe da ƙasa.

Malamin Zaure: Jini mai kwarara najasa ne, mutum ba ya cinsa, kuma a mazhabarmu ba a cinikin najasa. Amfani da shi a gona ko a abincin dabba akwai maganganun malamai, ba zan yanke shi a taƙaice a nan ba. Ka same ni bayan sallar isha'i mu buɗe littafi.

Mai Kaji a Arkilla: Zan zo insha Allahu. Likita, na kowace dabba ake tarawa?

Dakta, likitan dabbobi: A'a. Sai na dabbar da aka duba tana da rai aka kuma duba namanta aka ce lafiya. Kowace da mazubinta har a gama dubawa, in an ƙi naman a binne jinin tare da shi. Kuma a dafa a ranar, kada ya kwana ɗanye.